Saura Kilomita Ɗari Uku da Casa'in

Litinin, 4 ga Nuwamba, 12:20 na rana

Matar asibiti da ta ba ni littafin nan ta ce in rubuta duk abin da ya zo mini a rai, ko da ba shi da kai. Sati uku yana cikin aljihun rigar aikina, har bangon ya sha baƙin taya. Ni ba mai rubutu ba ne. A aji goma na ajiye makaranta na kama aikin taya a shagon Kawu Veikko, yayan mahaifiyata. Amma yau wani abu ya zo, kuma maganar mota ce, don haka maganar mota zan rubuta.

Wasiƙa ce daga dillalan da suka sayar mana da motar lantarkin nan, ta hannu, a watan Maris. Sunan matata ne a jikin ambulan, Renelle Rantala, amma na buɗe. Wai garantin motar zai ƙare da zarar ta cika kilomita dubu tamanin. In muna so, za su ƙara mana shekara huɗu a kan dala dubu uku da ɗari biyu. Sharaɗi biyu ne: a saya kafin motar ta taɓa dubu tamanin ɗin, kuma mai motar ce za ta sa hannu.

Na je na duba allon motar. 79,610. Saura ɗari uku da casa'in.

Daga ƙofar gidanmu a Thunder Bay zuwa ƙofar gidan mahaifiyarta a Hearst kilomita ɗari biyar da ashirin ne. Ba don komai na rubuta wannan ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, 6:45 na safe

Da ƙafa zan je aiki. Minti arba'in ne kawai. Motar ta huta har mai ita ta dawo ta sa hannu.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 12:30 na rana

Shagon ya cika maƙil. Haka mutanen garin nan suke duk shekara, sai sun ji an ce dusar ƙanƙara na tafe sannan kowa ya tuna yana da tayoyin sanyi a gareji.

Na nuna wa Kawu wasiƙar muna cin abincin rana. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, don ya ƙi yarda yana buƙatar tabarau.

"Dubu uku? Garantin me? Motar da ba ta da inji?"

Na ce tana da wasu abubuwan.

"Kelby, ɗan ƙanwata, wannan ba mota ba ce, firji ne aka sa wa taya. Akori-kurata ta girme ka, ba wanda ya taɓa sa mata hannu a takarda, kuma ko yanzu ka murɗa makulli sai ta amsa."

Na ce sai ta yi tari sau uku tukuna.

"Ni ma sai na yi tari sau uku nake tashi, ka taɓa ganin na makara?"

Ya miƙo mini takardar, ya dubi takalmana da suka jiƙe. Ya ce, "Da ƙafa ka zo ke nan. Kana da mota a ƙofar gida jone da wuta kamar jinjiri a..." Sai ya tsaya. Ya ɗauki kofinsa ya sha kofi, alhali na ga kofin babu komai a ciki.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 5:10 na yamma

Na hau bas na je wajen dillalan. Preston ne dai, wanda ya sayar mana. Haƙoransa farare tas, yana taka ƙafar hagu ta gefe, dugadugin takalmin ya cinye ta waje. In da taya ne da na ce a duba masa saiti.

Ya yi mini bayani tsakani da Allah, ban ga ha'inci ba. Batir yana da nasa garantin daban, yana nan har wasu shekaru. Wannan ƙarin na sauran kayan ne: allo, hita, mariƙin ƙofar da ke fitowa da kansa, na'urar caji ta ciki. Ya ce in hita ta mutu a Janairu, kuɗin gyaranta kaɗai ya kusa kamo kuɗin garantin. Na ce in ba ta mutu ba fa? Ya ce to na sayi kwanciyar hankali.

"Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne, ɗan'uwa," in ji shi. "Iyali na ƙaruwa, ga zirga-zirgar makaranta. Af, na tuna ku ai! Madam ce ta sa na auna mata kujerar baya da tef. Me aka samu, namiji ko mace?"

Akwai wata na'urar ruwan sha a ofishinsa, tana yin ƙara kamar mai haɗiye yawu. Na saurare ta ta yi sau biyu.

Shi ma ba wawa ba ne. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya yi ta jera takardun da suke a jere. Can ya ce in Madam ba ta gari ba matsala, zai tura mata takardar ta waya, ta sa hannu da yatsa daga inda take, minti biyu an gama.

Na ce a'a, ba ta son irin wannan. Ta fi son biro.

Ƙarya na yi. Renelle da waya take yin komai, har kunna fitilar falo.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 8:00 na safe

Sati uku yau da mahaifiyarta, Mama Lucille, ta zo ta tafi da ita. Sati biyu ta ce.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 2:15 na rana

Na shiga motar na zauna, ban tayar ba. Motar nan tana riƙe da sunayenmu biyu a allo. In ka taɓa sunanka, kujera ta koma yadda kake zama, madubai su juya. Na taɓa nata.

Kujerar ta matso gaba a hankali har gwiwoyina suka tokare, sitiyari ya sauko mini a cinya. Madubin ciki ya sunkuyo, ba ya nuna titi sosai, kujerar baya yake nunawa. Tun watan Yuli ta saita shi haka, wai tana gwaji. Rediyo ya kama tasharta ta Faransanci da ba na jin komai a ciki sai sunayen garuruwa.

Aikinta zagayen duba tsofaffi ne a gidajensu, shi ya sa ta ci kilomita haka cikin wata bakwai. Ga alewar na'ana'a da wata tsohuwa ke cusa mata kullum, ta tara su a wajen ajiye kofi. Ga robar daure gashi a jikin mariƙin sigina, da gashi biyu a maƙale.

Na zauna a haka minti ashirin, a takure kamar kaya. Maƙwabcinmu ya wuce da karensa ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa.

Ban buɗe but ba. Ba ni da abin ɗauka a ciki.

Ranar da za ta tafi, a bakin ƙofa ta ce, "Kada ka biyo ni, Kelby. Don Allah. In na dube ka sai in ga kana jira in warke, ni kuma ban san yadda ake yi ba." Na ce to. Ni dama abin da na iya ke nan, jira. Tun ina yaro in aka je kamun kifi a kan tafkin da ya daskare, kowa ya gaji ya koma mota, ni ake bari a bakin rami.

79,610.

Talata, 12 ga Nuwamba, 12:25 na rana

Taya ba ta ƙarya. Wani ya ce mana a hankali yake tuƙi, gefen tayoyinsa kuwa sun gaya mini yadda yake shan kwana. Wata ta ce mijinta ne kaɗai ke hawa, kujera kuwa tana manne da sitiyari. Ba na magana. Ina canzawa in ɗaure in miƙa makulli.

Tayar gaba ta dama ta Renelle kullum da ƙuje a gefe. Tana matsawa jikin dakalin titi sosai in za ta tsaya, don kada tsoffinta su taka ruwa in za ta kai su asibiti. Sau nawa na yi mata faɗa a kan wannan. Takan ce, "To me amfanin auren mai taya?"

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka kawo wata shuɗiyar mota mai ƴar kujera a baya, da ɗan takalmi ƙafa ɗaya a ƙasa. Kawu ya karɓi makullin daga hannuna ya ce in je in ƙirga tayoyin sito. Jiya na ƙirga su. Na je na sake.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 7:05 na yamma

Saƙonta: "Ka ci abinci?" Na rubuta layi goma sha ɗaya na goge. Na tura: "Na ci. Ke fa?" Ta ce, "Na ci."

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 6:30 na yamma

Dusar ƙanƙara ta fari ta sauka. Na roƙi Kawu ya kai ni gida da tayoyin sanyin Renelle a bayan akori-kurarsa, da jak.

"Motar da ba ta zuwa ko'ina ake sa wa takalmin tafiya?"

Na ce lokacinsu ne ya yi.

"Uhm. Lokacin abubuwa da yawa ya yi."

A nan ƙofar gida na canza su, ko taku ɗaya motar ba ta yi ba. Na ɗaure kowane noti na sake bi. Tsohuwar tayar daman nan na shafa ƙujen da yatsa kafin in sa ta a leda.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 7:40 na yamma

Na kira ta. Ta ɗauka a ƙara ta huɗu. Ina jin Mama Lucille tana kwaramniya da tukwane a baya, sai kuma ƙarar ta tsaya cak, ka san an kasa kunne.

Muryarta ta yi ƙasa, kamar wadda ta daɗe ba ta yi amfani da ita ba. Na tambayi sanyi, ta ce akwai. Na tambayi Mama, ta ce lafiya. Sai na kama ba ta labarin garanti. Na gaya mata na hita, na allo, na mariƙin ƙofa, na dubu tamanin. Na yi bayani ya fi na Preston kyau. Na ce sai ta sa hannu da kanta, a ofishinsu, da biro.

Ta ce, "Abin da ka kira ka gaya mini ke nan?"

Na ce e, saboda akwai lokaci a kai.

"Mariƙin ƙofa, Kelby."

Na ce yana da tsada in ya lalace.

"Yi yadda ka ga ya dace," ta ce. "Kai ka san mota."

Bayan ta kashe na tsaya riƙe da wayar a kicin. Abin da nake so in ce kalma uku ce, kuma ba ɗaya daga ciki da ta shafi ƙofa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 11:00 na safe

Ba saƙo. Na wanke zanin gado, na yi nadama, don ƙanshin ya tafi.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 6:40 na safe

Shekara huɗu. Ni ban san yadda Laraba za ta kasance ba, ana tambayata shekara huɗu.

Talata, 19 ga Nuwamba, 12:15 na rana

Wani abu ya faru da motar. Na fito bakwai saura minti goma, sanyi har cikin haƙori. Duk motocin layinmu sun yi fari fat, gilasansu sun daskare. Tamu kaɗai gilashinta tas, ruwa na ɗiga daga madubi, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na buɗe ƙofa, ɗumi ya buge ni a fuska. Sitiyari da zafi, kujerar direba da zafi.

Ban taɓa komai ba. Na kashe na kulle na tafi aiki. Duk hanya ina tunanin ga shi nan, hitar ta fara haukan da Preston ya faɗa, kuma ta zaɓi lokacinta.

Na gaya wa Kawu, ya ce, "Na ce maka firji ne. Ya juye ne kawai."

Laraba, 20 ga Nuwamba, 12:40 na rana

Yau ma ta yi, daidai lokacin jiya. Na kira Preston na ce hita tana kunna kanta, ko zan kawo a duba tun garantin farko bai ƙare ba.

Da fari ya ce ka gani ko, irin abin da yake gaya mini ke nan. Sai ya ce in dakata ya duba ta kwamfutarsu. Na ji yana danne-danne.

"Ɗan'uwa, ba abin da ya samu hitarka. Da waya aka kunna ta. Shida da minti talatin da biyar jiya, shida da minti talatin da biyar yau. Ka tabbata ba kai ka danna cikin barci ba?"

Na ce ni ban taɓa sa abin motar a wayata ba, kati nake amfani da shi.

"To wa ke da shi a waya?"

Ya ɗan jira, sannan ya ce a hankali, "Mai wayar tana ganin inda motar take ma, in tana so. Ɗigo ne a kan taswira."

Na ce na gode. Ya ce in gaida Madam.

Ɗigo a kan taswira. Kwana goma sha shida ɗigon nan bai motsa daga ƙofar gida ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 7:20 na safe

Ina cikin motar nake rubuta wannan. Na fito tun shida da rabi na tsaya a sanyi don in ga lokacin da za ta fara. Da minti talatin da biyar ta cika, sai fitilar allo ta kawo, iska ta fara hurawa. Na ga ƙanƙarar gilashi tana narkewa daga ƙasa, rami biyu kamar idanu, suna girma.

Wato a can Hearst Renelle ta farka. Tana kwance a ɗakinta na ƴanmatanci mai labulen furanni, ta ɗauki waya ta danna. Ta san ƙarfe nawa nake fita, ta san hannuwana suna tsagewa a Nuwamba.

Na riƙe sitiyarin da hannu biyu har zafin ya shige ni. Na rubuta mata "Na gode," na goge. In na nuna na gane, kada ta daina. Kamar barewa ce ta fito bakin daji, in ka motsa ta gudu.

Zan makara. Da ƙafa dai zan je. 79,610.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, 7:15 na safe

Ba ta kunna ba.

Juma'a, 12:30 na rana

Na tsaya har bakwai da kwata. Gilashi fari kamar na kowa. Ƙila ta makara. Ƙila wayarta ba caji.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 7:10 na safe

Fari.

Asabar, 6:50 na yamma

Na je wankan turiri gidan Kawu kamar kowace Asabar. Ya zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi har numfashi ya gagara, sannan ya ce in yi magana ko ya ƙara. Na gaya masa duka, har maganar biro.

Ya dube ni, gumi na zuba daga girarsa.

"Bari in gane. Yarinya ta tashi da asuba kwana uku tana ɗumama maka mota daga Hearst. Kai kuma ka shiga ka sha ɗumi, ka fito ka kulle, ka tafi da ƙafa."

Na ce saboda kilomita.

"Ita ta san da wata kilomita? Abin da ta gani, ta buɗe maka ƙofa sau uku ka ƙi shiga. Kai, ni ban taɓa ganin sakarai mai ladabi irinka ba."

Na ce ita ta ce kada in biyo ta.

"Yaushe?"

Na ce sha tara ga Oktoba.

"Ko madara tana da ranar lalacewa, Kelby." Ya ƙara ruwa duk da na yi magana. Can cikin turirin ya ce, "Marigayiya matata Aili ta taɓa cewa in bar ta ta huta. Na bar ta wata huɗu, ina ganin mutunci nake yi. Shekara talatin bayan nan in muka yi faɗa sai ta tuna mini. Ba faɗan take tunawa ba, wata huɗun."

Na ce in na je, garanti ya tafi. Zan wuce dubu tamanin tun ban isa ba.

"To saya mata mariƙin ƙofa mai garanti, ka zauna kai da shi."

Da zan tafi ya naɗe mini kyafaffen kifi a takarda ya ce na Lucille ne. Ban ce masa zan je ba. Ya ce Litinin da Talata ba ya son ganin fuskata, ta ishe shi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 3:00 na rana

Ba mai hawa hanyar arewa a wannan watan ba shebur, ba bargo, ba kyandir a gwangwani. Dole su shiga but. Don haka na buɗe.

Kwalin kujerar jaririn yana nan yadda muka sa shi a watan Satumba, ko tef ɗin ba a yanke ba. Akwai hoto a jikinsa, yaron wasu yana dariya cikin ɗamara. Ita ta zaɓa, sati biyu tana karanta wanda ya fi tsaro.

Na ɗaga shi zan kai ɗaki. Ba shi da nauyi. Na tsaya da shi a tsakar dusar ƙanƙara, ban san ɗakin da zan kai shi ba, don ƙaramin ɗakin a rufe yake tun ranar da muka dawo daga asibiti mu biyu kawai, kuma ba ni kaɗai ke da ikon cewa ga inda zai zauna ba.

Na mayar da shi. Na jera shebur a gefensa, na lulluɓe shi da bargon.

Litinin, 25 ga Nuwamba, 8:20 na safe, Nipigon

Na taso shida da rabi. Ban gaya mata ba. Ɗigon zai gaya mata in tana dubawa. In ta daina dubawa, to wannan ma amsa ce.

Sanyi ya kai sha bakwai ƙasa da sifiri. Batir yana zuba kamar tulu mai tsaguwa. Da rani motar nan tana yin ɗari huɗu, yau da ƙyar za ta yi ɗari biyu da sittin. Takardar Preston tana kujerar gefe, ba sa hannu.

Waya shiru.

Litinin, 12:10 na rana, Longlac

Nan ne caji na ƙarshe. Daga nan kilomita ɗari biyu da goma ba komai sai itatuwa da manyan motocin katako. Na jona, na shiga shagon gefe na sha miya, na zauna ina kallon wayata kamar ramin kifi. Mai shagon ta tambaye ni ina zuwa, na ce Hearst. Ta leƙa motar ta taga ta ce, "A wannan? Allah ya kai ka, ɗana."

Da na dawo na buɗe ƙofa, sitiyari da zafi.

Ni a kashe na bar komai. Na tsaya ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Sai waya ta yi ƙara.

"Ka bari ya cika ɗari bisa ɗari. Bayan Longlac kashe hita, kujera kawai. Kada ka wuce casa'in. Akwai safar hannuna a aljihun ƙofa."

Na karanta sau huɗu. Safar ba ta shiga hannuna, iyakarta yatsu. Na sa a haka.

Litinin, 1:35 na rana, gefen hanya

Na tsaya minti biyu kawai. Ina kallo ta juya: 79,999, sai 80,000. Ba abin da ya yi ƙara, ba fitilar da ta kawo. Itatuwa ne dama da hagu, da hankaka ɗaya a kan alamar hanya. Na zaci zan ji kamar na yi asara. Yatsun ƙafata ne kawai ba na ji.

Saura ɗari da talatin.

Talata, 26 ga Nuwamba, 9:30 na safe, Hearst

Na iso jiya da kashi shida a batir, ina rawar ɗari har haƙora na haɗuwa. Mama Lucille ce ta buɗe. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sai yau? Na zaci da keke za ka zo." Ta karɓi kifin ta sunsuna ta ce aƙalla Veikko yana da hankali. Sannan ta ja ni ta rungume da ƙarfi har na ji ƙashina.

Renelle tana tsaye a bakin kicin cikin rigar sanyin mahaifinta. Ta rame. Ta yanke gashinta. Ta kama hannuwana ta cire safar nan yatsa ɗaya-ɗaya, ta riƙe su cikin nata.

Bayan cin abinci mun yi magana. Ta faɗi sunan da muka zaɓa, da bakinta, karo na farko tun asibiti. Ni ma na faɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Da safen nan ta ce tana son ganin motarta. Ta shiga, ta taɓa sunanta, kujera ta matso ta same ta daidai. Ta ɗaga ido ga madubin ciki, ta daɗe, ba ta gyara shi ba. Sannan ta dubi allo.

"Dubu tamanin da ɗari da talatin. Garantinka ya tafi."

Na ce ya tafi.

"In hita ta mutu a Janairu fa?"

Na ce sai mu sa riga biyu.

"Mariƙin ƙofa fa?"

Na ce ta taga za mu riƙa shiga. Ta yi wani ɗan sauti ta hanci, bai kai dariya ba, amma hanyarta ya nufa. Na gaya mata Preston ya ce da waya ma za ta iya sa hannu, ni na ɓoye. Ta ce ta sani, ita ma ya turo mata wasiƙar ta waya tun farkon wata. Tana jira ne ta ga tsawon lokacin da zan ɗauka ina maganar biro.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kwalin fa?"

Na ce yana but, cikin bargo.

Ta ɗora hannu biyu a sitiyari. "Bar shi a nan."

Na ce akwai wurin caji mai sauri a bakin babban titi, awa ɗaya ya cika. Ta ce ta sani, a garin aka haife ta. Ta fita ta jawo wayar wuta daga garejin Mama, irin soket ɗin da ake jona dutsen guga, ta jona da kanta. Allo ya ce sai bayan kwana biyu da awa tara.

"In ya cika ni zan tuƙa," ta ce. "Kai kana cinye mini batir."

Na kira Kawu na ce sai Juma'a. Ya ce wa ya tambaye ni.

Ina kallon motar ta tagar kicin yanzu, ƴar fitilar caji tana ƙyaftawa kore. Kashi bakwai. Renelle tana yanka burodi a bayana, tana faɗa da Mama a kan wuƙa. Wannan jiran na iya shi.